Idan Yaro Ya Ce "Don Me?"



Babu gidan da bai san wannan ba. Yaro ɗan shekara 3 ko 4 ya tasa mahaifiyarsa gaba tana tuƙa tuwo: "Mama, don me wata yake bin mu? Don me Kaka ta mutu?" Kafin a amsa ɗaya, ya kawo uku. Sau da yawa amsarmu ita ce, "Rufe mini baki," ko "Haka Allah ya yi." Muna ganin wannan kuskure ne, kuma mu fastoci da dattawa ba mu kuɓuta daga ciki ba.

Yaron ba fitina yake nema ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2009 ya nuna cewa ƙananan yara sukan maimaita tambaya in ba a ba su dalili ba, in kuwa aka ba su, sai su wuce zuwa ta gaba. Hausawa ma sun ce matambayi ba ya ɓata.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki tambayar yaro rashin kunya ba. A Fitowa 12:26, Maimaitawar Shari'a 6:20 da Joshuwa 4:6, an sanar da Isra'ilawa cewa 'ya'yansu za su tambayi ma'anar Idin Ƙetarewa, da dokoki, da duwatsu 12 na Urdun, aka kuma umarce su su amsa. Yesu kansa, yana ɗan shekara 12, an same shi a Haikali yana sauraron malamai yana yi musu tambayoyi (Luka 2:46).

To, yaya za mu amsa? A taƙaice, kuma da gaskiya. Wata yana da nisan kilomita wajen 384,000. Saboda nisan nan, ko mun yi tafiya sai mu ga kamar yana tare da mu. Ga yaro, "yana can nesa ƙwarai" ya isa. Abin da ba mu sani ba, mu ce, "Ban sani ba, bari mu tambayi malamarka." In aiki ya yi yawa, mu ce sai bayan tuwon dare, mu kuma cika alkawari. Kada mu rufe bakinsa da tsoron dodo.

Mu da muke 'yan tsiraru a garuruwanmu, wata tambaya tana zuwa: "Don me su Musa suke azumi, mu kuma muna zuwa sujada ran Lahadi?" Mu amsa a natse, mu bayyana bangaskiyarmu ba tare da zagin maƙwabci ba, gama abin da yaro ya ji a tsakar gida shi zai faɗa a makaranta. Wanda aka kora da ƙaramar tambaya ba zai kawo mana babba ba sa'ad da ya kai shekara 15. Zai kai ta ga abokai ko ga waya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna roƙon zumuntar mata da malaman makarantar Lahadi su ɗauki wannan batu a taronsu na gaba. Ubangiji ya ba mu haƙuri da hikima. Amin.