Sabuwar leda a kan mataccen soso

Wannan makon za mu ɗan ajiye manyan maganganu, mu duba sit ɗin mashin, kujerar da muke ɗora jikinmu a kai kullum ba tare da mun tambayi me ke cikinta ba.

Duk wanda ya hau kabu-kabu daga Sabon Birni zuwa Gatawa, ko daga Isa zuwa Bafarawa, ya san abin da muke nufi. Za ka ga leda tana ƙyalli kamar yau aka fito da mashin daga kwali, amma da an faɗa ramin farko sai ka ji ƙarfe ya gaisa da ƙashin bayanka. An sake riga ne kawai, soson da ke ciki ya daɗe da mutuwa.

Sit abu uku ne: farantin da ke ƙasa, soso a tsakiya, leda a sama. Ranar bazara ce ke fara busar da ledar har ta tsage. Damina ta zo, ruwa ya bi tsagar ya shige, soso ya sha ya riƙe, ya fara marmashewa, farantin kuma in na ƙarfe ne ya kama tsatsa. Gyaran gaskiya shi ne mai ɗinki ya kware komai, ya kankare tsatsar, ya yanko sabon soso mai tauri ya manna da gam, ya sassaƙe shi daidai zaman mutum, ya shimfiɗa siririyar ledar da ke tare ruwa, sannan ya ja ta sama ya ɗaure. Gyaran ganin ido kuwa, kafin ka gama shan shayi an miƙo maka.

Mun saba ɗora laifin a kan masu ɗinki, amma mu ne muka koya musu. Mai sana'a ya ce soso ya mutu, mu ce “kai dai rufe mini shi haka nan”. Ya faɗi kuɗin aiki, mu taya rabi, mu yi barazanar tafiya rumfar gaba. To me zai yi? Mun san halin da ɗan kabu-kabu yake ciki tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuma mun san wanda ke biyan balas kullum ba shi da sararin tunanin soso. Sai dai kuɗin da ya ƙi ba mai ɗinki, yana kai shi kemis yana sayen maganin ciwon baya, shi da ke wuni a kan sit ɗin fiye da kowa.

Abin da ya sa muka ɗauki maganar da zafi shi ne, a wannan yanki namu mashin ya wuce abin hawa na zuwa kasuwa. A watan Satumban 2021, gwamnatin Sakkwato ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta hana goyon mutum uku, ta taƙaita zirga-zirgar mashin da dare, saboda 'yan bindiga da shi suke ɓarna. Ba mu ce babu dalili ba. Amma a ƙauyukan da mota ba ta shiga, ko direba ke tsoron shiga, wannan mashin ɗin dai shi ne motar asibiti. A kansa ake ɗora mai naƙuda, wata ta zauna a baya ta tallafe ta, a nufi Isa ko Sabon Birni cikin yashi da kwazazzabo. Ku ƙiyasta wannan tafiya a kan soson da ya zama kamar tabarma.

Akwai kuma ɗabi'ar da muke ganin ya kamata masu ɗinki su daina karɓa: a ɗora katako a kan kariya, a lulluɓe da soso da leda, sit ya ƙara tsawo don a ƙara fasinja. Nauyi yana komawa bayan tayar baya, gaba ya yi sakayau, kan mashin ya riƙa rawa a cikin yashi. Boxer ba a ƙera ta don haka ba.

Wani zai ce, mu da ke da jar akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna har Turai, me ya kai mu ledar roba? Mu ma abin yana mana daɗin ji. Amma fatar da majema ke jima ba ta jure duka ruwa da rana a waje, ga tsada. In za ta shigo, sai dai a matsayin shimfiɗar da ake ɗorawa a cire.

Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu suna karɓar kuɗin tikiti a tasha kowace rana. Muna roƙonsu su ware wani abu su sayi soso mai kyau a sari daga Sakkwato, su daidaita da masu ɗinkin garinsu, mamba ya biya kaɗan-kaɗan. Mu kuma fasinjoji, kafin mu hau, mu danna sit da babban yatsa. In ya nutse har muka taɓa faranti, mu gaya wa mai mashin cikin mutunci, in da hali mu jira na bayansa.