Kafin a buɗe aji: kwanakin da ɗanmu ya fi bukatarmu

Duk ƙarshen damina sai ka ga gidaje a Arlit da Akokan sun cika da murna. Yaro ya ci jarrabawar bak, an ba shi gurbin karatu a Aljeriya ko Maroko. Uwa ta kwashi adashinta, a yi walima, a ɗinka masa shadda kala uku, a raka shi tasha da addu'a. Daga nan sai mu koma rumfunanmu muna cewa an gama. To jama'a, a ganinmu a nan ne aikin ya fara.

Makonnin da ke tsakanin saukar ɗalibi da ranar da malami zai shiga aji su ne mafi wuya, kuma su ne ba mu yi wa tanadi. Ɗan wata maƙwabciyarmu mai sayar da kayan miya ya sauka a wani gari na arewacin Aljeriya da jaka ɗaya. Ba a riga an ba shi ɗaki ba, kuɗin tallafi bai fito ba, ofis ɗin rajista ya ce ya dawo da hotuna da takardar likita. Ya je ranar Juma'a ya tarar a rufe, domin can hutun mako Juma'a ne da Asabar. Ya yi Faransanci, mai shago ya amsa masa da Larabcin gida wanda bai yi kama da na allo ba. Kwana tara yana kwana a ƙasan ɗakin wani ɗalibi ɗan Maradi, yana jin kunyar gaya wa uwarsa. Da ma an ce baƙo ko da ido makaho ne.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne takarda. Mu mutanen wannan yanki ba sai an ba mu labari ba, da idonmu muke ganin waɗanda ake saukewa a bakin iyaka, su taka kilomita kusan 15 cikin rairayi kafin su iso Assamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro ta wannan hanya a 2024 kaɗai. Ɗalibi da iznin hukuma ya shiga, gaskiya ne, amma kafin katin zamansa ya fito ba shi da abin kare kansa sai fasfo da takardar makaranta. In ya bar su a jaka ya fita neman burodi, wa zai tsaya sauraren bayaninsa? Saboda haka a yi masa kwafi tun daga gida, ɗaya a aljihu, ɗaya a jaka, ɗaya a hannun uwa.

Sai batun kuɗi, wanda mu 'yan kasuwa muka fi kowa sani. Sefa ba ta ci a can, kuma canjin dinari na banki daban ne da na kasuwa. Mu da muke sauke taliya da dabino da madara daga Tamanrasset shekara da shekaru, a ce ɗanmu ya sauka babu lambar mutum ko ɗaya da zai kira? Wannan sakaci ne. Kuɗin shadda ta uku ya isa bargo da rigar sanyi, domin sanyin Setif da Constantine har ƙanƙara yake zubarwa, ba irin hunturunmu ba ne. Ga 'ya mace kuwa, kada ta tashi sai an san wadda za ta tarbe ta.

Wani zai ce me ya kai mu wannan wahala, ba ga kamfani a gida ba? A 2009 Shugaba Tandja Mamadou ya aza harsashin Imouraren, kilomita kusan 80 kudu da Arlit, mutane suka kama rumfuna suna jiran ciniki. Aikin ya tsaya bayan faɗuwar farashin uraniyom, har gwamnati ta karɓe lasisin daga Orano a Yunin 2024. COMINAK ta rufe a Maris 2021, kowa ya ji a cinikinsa. A Yunin 2025 kuma aka mayar da SOMAIR hannun ƙasa. In ana son 'yan ƙasa su riƙe ma'adinan nan, sai da injiniyoyi da likitoci, ga shi ƙofar Faransa ta ƙuntata tun da aka rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024. Makarantar ma'adinai ta Agadas da jami'ar garin suna ƙoƙari, amma ba kowane fanni suke koyarwa ba.

Shawararmu ga shugabannin kasuwa da iyayenmu mata masu adashi ita ce a ware zubi ɗaya a shekara domin waɗannan yara, a ba kowane mai tafiya abin da zai riƙe shi wata biyu ba tare da jiran tallafi ba. In ya kammala ya samu aiki, ya mayar domin na baya. A kuma rubuta sunayen ɗalibanmu da ke kowane gari a littafi guda, a ajiye wurin sarkin kasuwa, yadda mai tafiya bana zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa daren da ya sauka.