Ku daina zagin yaron da ya kashe saba, ku tambayi admin

1/ Jiya an sake yi. Sabar Linux ɗaya tilo da ajinmu ke shiga don aikin C ta tsaya cak, saura kwana 2 a miƙa aiki. Wani ya yi kuskure, fork() ta yi ta haihuwa ba birki. Gurup ya cika da zagi. Ni dai na ce yaron nan ba shi da laifi.

2/ Duk ɗan Mafara, Bakura ko Maradun ya san ruwan Bakolori. In kanal ba ƙofa, na gaba zai kwashe, shinkafar mai gonar ƙarshe ta bushe. Ba wanda ke gina kanal ya ce "kowa ya ji tsoron Allah". Ƙofa ake sawa.

3/ A Linux ƙofar na cikin /etc/security/limits.conf. Layi ɗaya ne fa:
@dalibai hard nproc 100
Da an rubuta shi, yaron zai cika ɗarinsa ya maƙale shi kaɗai, mu ci gaba da aiki. Kuma hard za a sa. Soft kowa na iya ɗaga ta da ulimit, hard kuwa sai root.

4/ Abin haushin, inda ya kamata a sa iyaka an bari wayam, inda ya kamata a bari kuma an toshe. An sa mana hard core 0, wai don tsaro. Core dump shi ne gawar manhaja, duk abin da ke ƙwaƙwalwarta lokacin da ta faɗi. Ka buɗe da gdb, ka buga bt, ga inda ta mutu nan. Mu kuwa sai dai Segmentation fault, ka kwana kana zuba printf kamar mai duba.

5/ Eh, tsoronsu na da tushe. Gawar na iya ɗauke da fasawod. A Mayun 2025 kamfanin Qualys ya nuna ɓaraka a apport da systemd-coredump da ke iya fitar da abin da ke /etc/shadow. To maganin shi ne a sabunta, a sa fs.suid_dumpable=0, a ƙayyade girman fayil ɗin. Ba a hana ɗan koyo ganin kuskurensa ba.

6/ Yallaɓai admin, layi biyu muke roƙo kafin Litinin. Ku tuna sai mutum ya fita ya sake shiga zai fara aiki, kar a zo a ce an gwada bai yi ba.