Karon Mishigan da Ohayo: Shin Armashinsa Ya Ragu?

A ƙasar Amurka akwai wasan da su ke kira ƙwallon ƙafa, ko da ya ke da hannu aka fi yinsa, ƙwallon kuwa siffar ƙwai gare ta. Jami'o'insu sun ɗauke shi da muhimmanci ƙwarai, a cikinsu kuwa da wuya a sami abokan hamayya kamar Jami'ar Mishigan da Jami'ar Jihar Ohayo. Sun fara karawa a 1897, tun daga 1935 kuma aka saba ajiye karon nasu ya zama na rufe kakar wasa, a ƙarshen Nuwamba. Na 2026 a birnin Kolumbus za a yi shi, watau gidan Ohayo, a filin da ke cin mutum fiye da 100,000.

To, akwai masu cewa wannan karo ya rage daraja. Hujjarsu ita ce, a da wanda aka kayar ran nan yawanci ya yi sallama da kofin ƙasa ke nan. Amma a 2024 sai aka faɗaɗa gasar kofin daga ƙungiyoyi 4 zuwa 12. A wannan shekara Mishigan ta bi Ohayo har gida ta doke ta da ci 13 da 10, amma duk da haka Ohayo ta shiga gasar, ta ɗauke kofin a Janairun 2025. Saboda haka su ke tambaya, mene ne kuma abin fargaba?

Ni dai magoyin bayan Mishigan ne, kuma ban yarda da wannan magana ba. Hamayyar nan ta girmi kofi. Tun a 1835 mutanen yankunan biyu suka ja daga a kan garin Toledo, kafin a san wasan kansa. Bugu da ƙari, dubi abin da ya sami John Cooper, wanda ya horar da Ohayo daga 1988 zuwa 2000. Ya ci wasa fiye da 100, amma a karo 13 da Mishigan sau 2 kacal ya yi nasara, wannan tabo kuwa ya bi shi har aka sallame shi. Har ila yau, tun 1934 kowane ɗan wasan Ohayo da ya doke Mishigan akan ba shi ɗan ƙaramin wando na zinariya don tunawa. Babu wata jami'ar da su ke yi wa haka.

Game da karon da ke tafe, kada mai karatu ya ce son rai ya rufe mini ido. Ohayo ta ci sau 8 a jere daga 2012 zuwa 2019, mu muka rama sau 4 daga 2021 zuwa 2024, sa'an nan a 2025 ta zo gidanmu ta doke mu da ci 27 da 9. Ga shi kuma yanzu mu ne baƙi. Amma fa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A 1969 Ohayo ta iso da nasara 22 a jere, sai Bo Schembechler, tsohon mataimakin mai horar da ita Woody Hayes, ya kayar da ita 24 da 12. A 2024 ma mun shiga fili an riga an doke mu sau 5, aka ce ba mu da ta cewa.

Abu ɗaya na ke tsoro. Bayan wasan 2024 'yan wasanmu sun so kafa tutarsu a tsakiyar filin Ohayo, faɗa ya kaure har 'yan sanda suka fesa barkono, aka ci kowace jami'a tarar dala 100,000. Wannan ba jarunta ba ce. Ɗan dambe na ƙwarai ba ya dukan wanda ya riga ya faɗi.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, ku bar masu lissafin kofi da lissafinsu. Wanda aka kayar a Kolumbus zai kwana 365 yana shan gori, ko da ya cika ɗaki da kofuna. Allah ya kai mu, ya kuma ba mai rabo sa'a.