Man da ke Ƙarƙashin Ƙanƙara, a Bar Shi Inda Yake

'Yan'uwa, can ƙarshen arewacin duniya akwai teku wanda ƙanƙara ke rufewa yawancin shekara, inda rana takan yi watanni ba ta fito ba. A 2008 masanan ƙasa na gwamnatin Amurka suka kimanta cewa wajen kashi 13 cikin ɗari na man da ba a gano ba tukuna yana wannan yanki. Yanzu da ƙanƙarar take narkewa, masu haƙar mai suna murna, wai hanya ta buɗe. Wace hanya? Ai ƙona man nan ne ya ɗumama duniya har ƙanƙarar take narkewa!

Ku tuna da 2010 a Mashigin Tekun Meksiko. Rijiyar BP ta fashe cikin ruwa mai ɗumi, ga tashoshin jiragen ruwa kusa, amma sai da aka yi kwana 87 kafin a toshe ta. To, a ce a arewacin Alaska ne, cikin duhu da guguwa, mai ya shige ƙarƙashin ƙanƙara. Wa zai kwashe shi? Da wane jirgi? Mutanen Inufiyat, waɗanda abincinsu daga wannan teku yake fitowa, su za a bari da ɓarnar.

Shell ta gwada. A ƙarshen 2012 guguwa ta tsinke igiyar da ake jan jirgin haƙarta, Kulluk, ya je ya kafe a gaɓar wani tsibiri. Ta kashe wajen dala biliyan 7, a 2015 ta tattara nata ta bar wurin. Girinlan ta daina ba da sabon izinin neman mai a 2021. Rasha kuwa ta soma haƙa a Tekun Pechora tun 2013, masu fafutukar kare muhalli da suka je nuna ƙin yarda a wurin sai ta tsare su.