Tsoho Ya Ruɗe A Bi'ir Ali, Wa Zai Biya?

Mu da muka daɗe a Madina mun saba ganin wannan a Bi'ir Ali, wato Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina. Tsoho ya taso daga Kano ko Maraɗi da hankalinsa, ya yi kwanakinsa na ziyara, ranar ɗaura harami sai ya fara sambatu, bai gane ɗansa ba, yana neman hanyar gona. Nan da nan sai a ce aljanu ne, ko ruɗin tsufa.

Likitoci kuwa sun ce ruɗewar da ta zo farat ɗaya, cikin awoyi ko kwana biyu, alama ce ta ciwo a jiki: ƙishirwa, zafin rana, ciwon huhu, cutar mafitsara, rashin barci, ko magungunan da aka haɗa barkatai. Kada mu manta, a Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukuma ta ce mutum 1,301 suka rasu.

To, maganar kuɗi fa? Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 ya ƙiyasta cewa wannan ruɗewa na laƙume dala biliyan 38 zuwa 152 duk shekara a can, domin mai ita yakan daɗe a gadon asibiti, yakan faɗi ya karye. Namu lissafin ba ya shiga takarda. Mota ta wuce Makka, tafiyar fiye da kilomita 400, sai a sake biyan wata. Ɗa ya rufe shago, 'ya ta bar aikinta ta zauna jinya. Inshorar da ke haɗe da bizar Umra tana iya ɗaukar kuɗin gaggawa, amma ba ta biyan cinikin da aka rasa. Wanda iƙamarsa ta mutu kuwa, tsoron asibiti kan sa a ɓoye tsoho a ɗaki har abin ya ta'azzara.

Abin takaicin shi ne, masana sun ce kusan kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ana iya kauce masa, kuma da abubuwa masu araha: ruwan sha, barci, tabarau, da fuskar da tsoho ya sani. Ba mu hana ruƙya ba, amma a yi ta a hanyar asibiti.

Ga kuma harshe. Likita Balarabe ba zai bambance sambatu da Hausa ba. Mu da ke jin harsunan biyu, ya kamata ƙungiyoyinmu su riƙa ajiye matasa a miƙati lokacin aikin Hajji da Ramadan, su yi tafinta, su kira motar asibiti a lamba 997.