Chevrolet Nova: Suna da Abin da ke Ƙarƙashin Bonet

Duk ɗalibin da ya ɗan leƙa littattafan fassara ko na talla, da wuya a ce bai ci karo da labarin motar nan Chevrolet Nova ba. Wai kamfanin General Motors ya kai ta ƙasashen da ake jin Sifaniyanci, ta ƙi sayuwa, saboda "no va" a harshen na nufin "ba ta tafiya". Labarin yana da daɗi, shi ya sa ake ta maimaita shi. Ni kuwa ina ganin ya kamata mu daina, domin bai faru ba, kuma ya rufe mana wani darasi da ya fi shi amfani a cikin tarihin motar.

Motar ta fito ne a shekarar 1962 da sunan Chevy II, 'yar ƙarama mai arha, irin ta kai yara makaranta. Nova a lokacin sunan samfurinta mafi tsada ne kawai. A 1963 aka maƙala mata haruffan SS, wato Super Sport. Mai jin wannan suna zai ɗauka guguwa ce, alhali injinta mai silinda shida ne, ƙarfinsa na dawaki 120. Abin da mai saye ya biya kuɗi ya samu shi ne kujeru masu kyau da ado a jiki. Riga ce aka ɗinka, ba a samu mai sawa ba tukuna.

Sai a 1964 inji mai silinda takwas ya shigo. A 1966 kuma aka kai inda, a ra'ayina, sunan ya yi daidai da mai shi: inji mai lamba 327, ƙarfin dawaki 350, a cikin mota maras nauyi. Ba ta da wani kwalliyar a zo a gani, amma a kan titi takan kunyata motocin da suka fi ta girma da tsada. Masu son mota sun fi ambaton ta 1968 zuwa 1970, wadda aka sa wa babban inji 396 mai ƙarfin dawaki har 375, kuma ban musa ƙarfinta ba. Sai dai inji mai nauyi a gaban ƙaramar mota yana da nasa wahalar a kwana. Wani dillali a jihar Fensilbeniya, Don Yenko, bai ma tsaya nan ba: a 1969 ya cusa injin 427 a cikin 'yan ƙalilan, ya sayar.

Ga wani abin da zai burge ɗalibin harshe. A 1970 an ɗan faɗaɗa injin nan ya koma 402, amma kamfanin ya ci gaba da rubuta 396 a jikin motar, don mutane sun riga sun saba da lambar. Lissafi ya zama laƙabi ke nan.

Daga nan al'amura suka juya. Dokar tsabtace iska ta Amurka ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi, kamfanonin inshora suka tsauwala kuɗi a kan motocin gudu, sannan a 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai. Babban injin ya ɓace bayan 1970. Haruffan SS kuwa suka ci gaba da zama a jikin motar har 1976, kusan ado kawai, kamar yadda suka faro. Kalma ɗaya, cikin shekara 13, ta tashi daga ado ta zama ƙarfi, ta sake komawa ado. Wannan shi ne sauyin ma'ana da muke karantawa a aji, ga shi a jikin ƙarfe. An daina ƙera motar a 1979, kuma da sunan ya dawo a 1985, a jikin wata 'yar'uwar Toyota Corolla aka liƙa shi, wadda ake haɗawa a Kalifoniya.

To, mu koma kan "no va". Mai jin Sifaniyanci yana ƙarfafa gaɓar farko a "nova", ta ƙarshe kuma a "no va", don haka kunnensa ba ya haɗa su. Bahaushe ya fi kowa sanin wannan, tunda ba ya rikita gàrii da gàarii don kawai baƙaƙensu sun zo ɗaya. Motar ta sayu a Meksiko da Benezuwela ba tare da an sauya mata suna ba. Kamfanin mai na gwamnatin Meksiko, Pemex, ma ya daɗe yana sayar da wani fetur mai suna Nova, direbobi suna sha a motocinsu suna tafiya.